Shinkafar lemun tsami ta Kudancin Indiya: wa ke da wannan farantin?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauti ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu a kan sauraro.

Yau kicin za mu shiga. Na san wani zai ce, to malam, daga maganar matasa da shugabanci sai kuma shinkafa? Ku yi haƙuri ku biyo ni, kafin mu ƙare za mu bi ta teku, mu ga jirgin alhazai yana ci da wuta, mu kuma leƙa wani ofishi a Amurka. Duk a kan faranti ɗaya.

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a Bangalore, babban birnin jihar Karnataka, akwai watan da kuɗin da ake turo mana suka maƙale. Ba zan kama suna ba, duk wanda ya yi karatu da tallafi ya san irin wannan jiran. Ina haya a saman gidan wata tsohuwa, kowa a layin Ajji yake ce mata, wato kaka a yarensu na Kannada. Ta lura kwana biyu ba ta jin motsin tukunya a ɗakina. Ba ta tambaye ni komai ba. Da safe sai ga jikarta da kwano a rufe, ta ce Ajji ta ce babu nama a ciki, babu komai da addinina ya hana, in ci.

Na buɗe na ga shinkafa rawaya shar, da gyaɗa soyayya, da wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana, da ganye. A raina na ce wannan ai dafa-duka ce da aka manta da tumatir. Lomar farko tsami ya fara zuwa, yaji ya biyo baya, sai gyaɗar ta yi ƙaras a baki. Wallahi ban bar ko ƙwaya ba.

A Karnataka sunanta chitranna. A Tamil Nadu suna cewa elumichai sadam, a Andhra Pradesh da Telangana kuma nimmakaya pulihora. Duk dai shinkafar lemun tsami ce. A gidajensu ana cin ta da safe ita kaɗai, ko da kindirmo da ɗan yaji a gefe. Ana zuba wa yara a kwanon makaranta. A gidajen abinci kuwa, musamman a wajen Indiya, an fi kawo ta a gefen kifi ko kaza ko miyar ganye.

Bari in faɗa muku yadda Ajji ke yin ta, don sai kun san abin da ke cikin kaskon tarihin zai zauna.

Gwangwani ɗaya na shinkafa za a dafa ta wara-wara, a baza a faranti ta huce. In ta kwana ma ya fi, kuma gaskiyar magana yawancin lokaci shinkafar jiya ce ake tayarwa da ita. A ɗora kasko, a zuba mai cokali biyu manya, na gyaɗa ko na riɗi. In ya yi zafi a zuba ƙaramin cokali ɗaya na ƙwayar mastad, wadda Larabawa ke kira khardal, a jira ta fara tsalle tana fashewa. Sai a zuba wasu ɓararrun wake ƙanana iri biyu, urad da chana, cokali ɗaya ɗaya, da gyaɗa cikin tafin hannu, a soya su yi ja. Sai ɗanyen barkono, da citta, da ganyen kori, da ɗan mitsitsin wani ƙaro mai ƙarfin wari da suke kira hing. Kurkur rabin ƙaramin cokali ne zai shiga daga ƙarshe, don saurin ƙonewa gare shi. Daga nan a kashe wuta. Sai an kashe wutar za a matse lemun tsami biyu, a sa gishiri, a juye shinkafa a gauraya a hankali. In ka matse lemun wuta na ci, ƙamshin zai gudu, ɗaci ya maye gurbinsa. Wannan suyar kayan ƙamshi a mai, a Kannada oggarane ake ce mata, a Hindi tadka, kuma ita ce ƙashin bayan girkinsu. In akwai dafaffiyar shinkafa a ƙasa, minti goma ya isa.

Gyara ɗaya kafin wani ya tafi kasuwa: ganyen kori na Indiya daban yake da wanda ake sayarwa da wannan sunan a kasuwanninmu. Namu ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne. Nasu ganyen bishiya ne, kuma bishiyar danginta ɗaya da lemo. Garin kori na kwalba shi ma wani abu ne daban, Turawan Ingila ne suka haɗa shi don kwaikwayon girkin Indiya, aka fara sayar da shi a Landan a ƙarshen ƙarni na 18.

Tsamin nan yana da aiki bayan daɗin baki. A ƙasa mai zafi, kafin zuwan firji, shinkafar da aka sa wa tsami da gishiri da mai ta fi jure awanni ba ta lalace ba. Shi ya sa ta zama guzuri. Ka hau jirgin ƙasa daga Bangalore zuwa Chennai, da rana ta yi za ka ga iyalai suna kwance ƙunshi, rabinsu wannan rawayar shinkafar ce. A Tamil Nadu akwai bikin Aadi Perukku, ranar 18 ga watan Aadi na kalandarsu, wajen farkon Agusta, lokacin da kogin Kaveri ke cika da ruwan damina. Mutane kan fita bakin kogi da shinkafa kala-kala, ta lemun tsami, ta tsamiya, ta kwakwa, ta kindirmo. Ta tsamiyar kuma ana raba ta a wuraren bautar mabiya addinin Hindu. Abinci ne da ya shiga jininsu, kamar yadda kowace al'umma ke da nata.

To yanzu mu ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya, mu tambayi kowanne garinsu.

Shinkafa tukuna. Irin da aka fi ci a duniya, ta Asiya, masana sun bi sawun nomanta zuwa kwarin kogin Yangtze a ƙasar Sin, kusan shekaru 9,000 da suka wuce, sannan Indiya ta daɗe ƙwarai tana noma nata nau'o'in. Afirka ta Yamma na da tata shinkafar daban wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Neja a Mali ta yau, kimanin shekaru 3,000 baya, amma wannan shiri ne na wata rana.

Kurkur ɗan gida ne. A wani wuri da ake kira Farmana a jihar Haryana, masu haƙar tarihi sun gano burbushin kurkur da citta a jikin tukwanen mutanen wayewar Harappa, sama da shekaru 4,000 ke nan. Ku riƙe maganar kurkur ɗin nan, za mu dawo kanta.

Lemo shi ma ɗan yankin ne. Wani bincike kan ƙwayoyin halitta da aka buga a mujallar Nature a 2018 ya nuna asalin dangin lemo yana gindin duwatsun Himalaya ta kudu maso gabas, inda arewa maso gabashin Indiya da arewacin Myanmar da lardin Yunnan na Sin suka haɗu. Yawancin lemukan da muke sha barbara ce tsakanin 'yan tsirarun kakanni. Wanda Ajji ke matsawa ɗan ƙaramin nan ne mai siririn ɓawo, sak lemun tsaminmu, kuma har yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman lemukan tsami. Daga gabas lemo ya bi ta Farisa, Larabawa suka yaɗa shi zuwa Masar da Sisili da Andalus wajen ƙarni na 10. A ƙarni na 12 Ibn Jumay, likitan Salahuddin al-Ayyubi a Alƙahira, ya rubuta risala sukutum a kan amfanin lemun tsami. Sunan ma tafiya ya yi: Farisawa suka ce limu, Larabawa suka ce laimun, Turawa suka ɗauka daga nan, mu ma da muka ce lemo daga bakin Larabawa muka ji.

Hing kuwa baƙo ne na dindindin. Ƙaro ne da ake tatsa daga saiwar wani tsiro da ke son busassun tsaunuka masu sanyi, a Afganistan da Iran da Uzbekistan. Indiyawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna girki da shi, alhali daga waje suke sayo shi. Sai a 2020 aka fara gwajin shuka shi a kwarin Lahaul na jihar Himachal Pradesh.

Ita kuma 'yar'uwar wannan shinkafar, wadda ake yi da tsamiya, akwai abin dariya a ciki. Masana tsirrai sun ce asalin tsamiya Afirka ne. Ta ƙetara Indiya tun da daɗewa har Larabawa suka sa mata suna tamr hindi, dabinon Indiya, kuma da wannan sunan duniya ta san ta. Tsamiyar da ke bakin kasuwar ƙauyenku, a takardun kimiyya sunan Indiya take amsawa.

Saura biyu, barkono da gyaɗa, kuma nan ne labarin ya yi nauyi.

A ƙarni na 12 wani sarkin daular Chalukya a yankin Karnataka, Someshvara na Uku, ya wallafa littafi mai suna Manasollasa, wanda a ciki akwai dogon bayani kan girkin fada. Babu barkono a kicin ɗin wannan sarkin, babu gyaɗa, babu tumatir, babu dankalin Turawa. Duk nahiyar Amurka suke a lokacin, kuma babu wanda ya san da su a Asiya ko Afirka ko Turai. Yajin Indiyawa a wancan zamanin masoro ne irin nasu, baƙin nan da ke fitowa a gaɓar Malabar, jihar Kerala ta yau.

Wannan masoron shi ya jawo musu baƙi. Turai na sayensa da tsada ta hannun 'yan kasuwar Larabawa da na Venice, suna neman hanyar da za su tsallake dillalai. Kolombus ya nufi yamma a 1492 yana neman Indiya, ya faɗa tsibiran Karebiyan, ya tarar da barkono a can. Vasco da Gama ɗan Fotugal ya zagaya ta ƙasan Afirka, ya iso Calicut a watan Mayun 1498. Da ya dawo karo na biyu a 1502, da igwa ya zo. A wannan tafiyar ya tare wani jirgi mai suna Miri da ke dawowa daga Makka ɗauke da ɗaruruwan mutane, har da mata da yara. Aka kwashe dukiyar da ke ciki, aka cinna wa jirgin wuta da mutanen a ciki. Marubutan Fotugal da kansu suka rubuta wannan. A 1510 Afonso de Albuquerque ya ci Goa da yaƙi, kuma Fotugal ba ta bar garin ba sai 1961.

Ta wannan hanyar ruwan, mai haɗa Lisbon da Birazil da gaɓar Afirka da Goa, barkono ya shigo Indiya, tare da kashu da abarba. Talaka ya karɓe shi hannu bibbiyu, saboda masoro sai ƙasa mai ruwa da inuwa, ga tsada, barkono kuwa ko a bayan ɗaki ka watsa zai fito. Yaren Tamil ya ajiye shaidar wanda ya riga wani: masoro milagu ne, da baƙon ya zo sai aka ce masa milagai, wato ɗan itacen masoro.

Gyaɗa daga Kudancin Amurka take, wajen Bolibiya da arewacin Ajantina. Ita ma bayan 1500 ta bazu a Afirka da Asiya, kuma a ƙarni na 19 ta zama babban amfanin gona a kudancin Indiya, lokacin da masana'antun mai da sabulu na Turai, musamman na Marseille a Faransa, suka buɗe baki suna nema. Wannan yunwar ta masana'antun Turai ce ta iso Kano bayan jirgin ƙasa ya shigo a 1911, har aka kai ga dalar gyaɗa da zamanin su Alhassan Ɗantata. Manomin Tamil da manomin Kano ba su san juna ba, amma kasuwa ɗaya suke yi wa noma, kuma ba su ke yanka farashi ba.

To ni da rawar kan ɗalibi, da na karanta wannan sai na sauko ƙasa wajen Ajji. Jikarta na fassara, na ce, Ajji, kin san barkonon nan da gyaɗar nan ba na Indiya ba ne? Turawan Fotugal ne suka kawo. Ta ci gaba da tsince shinkafarta kamar ba ta ji ba. Can ta ɗago ta ce, yaro, Turawan ne suka koya wa uwata ta kashe wuta kafin ta matse lemo?

Na yi shiru. Na koma sama da kunya, don da digirina da komai tsohuwar ta fi ni fahimtar abin da na karanta. Jirgin ruwa iri kawai ya kawo. Sanin cewa mastad zai riga gyaɗa shiga mai, kurkur ya zo ƙarshe, lemo ya jira wuta ta mutu, wannan matan da ba a rubuta sunansu a ko'ina ba ne suka gano shi, a kan murhu, ta hanyar ƙona tukunya da sake gwadawa, uwa ta miƙa wa 'ya. Da shi farantin ya zama nasu.

Amma fa akwai matsala. Ilimin da ke hannu da baki kawai, in aka je gaban hukuma, kamar babu shi ne. Mu dawo kan kurkur.

A 1995 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba wasu masu bincike biyu 'yan asalin Indiya, da ke aiki a cibiyar likitanci ta Jami'ar Mississippi, takardar mallakar fasaha a kan amfani da garin kurkur wajen warkar da rauni. Abin da kowace kaka a Indiya ke yi in jikanta ya faɗi ya kurje gwiwa, an rubuta shi a matsayin sabuwar ƙirƙira. Hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Indiya, CSIR, ƙarƙashin R. A. Mashelkar, ta ƙalubalanci takardar. Ku lura da kyau: cewa "kowa ya sani a garinmu" bai wadatar ba. Dokar Amurka a lokacin ba ta karɓar ilimin baka na wata ƙasa a matsayin hujja, sai abin da aka rubuta. Dole suka tono tsofaffin rubuce-rubuce na Sanskrit da Urdu da Hindi, da wata maƙala da mujallar ƙungiyar likitocin Indiya ta buga a 1953. A 1997 aka soke takardar.

A shekarar nan ta 1997 kuma wani kamfanin Texas mai suna RiceTec ya samu takarda a kan wasu nau'o'in shinkafar basmati. Indiya ta sake tashi, kuma zuwa 2001 yawancin iƙirarin kamfanin ya faɗi. Daga nan suka ga ba za su yi ta bin kotu ɗaya bayan ɗaya ba. A 2001 suka kafa rumbun ilimin gargajiya na kwamfuta, TKDL, suka juya dubban haɗe-haɗen magani daga tsofaffin littattafai zuwa Turanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Japananci, suka ba ofisoshin rajistar ƙirƙira na duniya damar dubawa kafin su ba wani takarda.

Wannan ne ya sa na kawo muku labarin. Sau nawa muke kwana a intanet muna faɗan wane abinci na wa ne, wa ya ara, wa ya sata, wa ya fi asali? In asalin iri ne ma'auni, to yajin ƙulin da muke taƙama da shi ya tafi, don barkonon da gyaɗar duk daga ƙetaren teku suka zo. Ba wanda zai yarda da haka, kuma da gaskiyarsa, don iyayenmu mata ne suka mayar da su ƙuli da yaji. Tambayar da ta fi wannan faɗan amfani ita ce, ilimin nasu yana ina a rubuce? Indiya ta tsira da kurkur ne saboda wani ya zauna ya rubuta ɗaruruwan shekaru kafin a buƙaci takardar. Kakar da ta san kwana nawa kalwa ke yi kafin ta zama daddawa, ta san wane sassaƙe ake ba mai jego, in ta rasu yau da wa ta bar shi?

Ni dai ga abin da na yi, kuma ban ce na iya ba. Da na dawo gida na sayi littafi mai bango mai kauri, na zauna kusa da Hajiyarmu a kicin. Ta yi min dariya, ta ce namiji da digiri biyu ya rasa aikin yi sai auna daddawa. Matsalar farko, ba ta da ma'auni. Komai "daidai misali" ne. Sai na riƙa tare hannunta kafin ta zuba, in juye a cokali in ƙirga, in rubuta, tana faɗa ina haƙuri. Yanzu muna da girki goma sha ɗaya a littafin, kowanne da sunan wadda ta koya mata.

Na kuma dafa mata shinkafar Ajji. Ban samu ganyen korin Indiya ba, ban samu hing ba, na sa albasa da tafarnuwa a madadinsu, na soya kifi a gefe. Ta ci loma biyu ta ce tsamin ya yi, amma gyaɗar ba ta soyu ba, in ƙara mata minti ɗaya kafin in zuba barkono. Na gwada, kuma da gaskiyarta. Na rubuta gyaran a gefen shafi da sunanta.

In za ku gwada a gida, ku tuna abu uku: shinkafa ta huce, kurkur ya zo ƙarshe, a kashe wuta kafin lemo. Wanda ke da kaka ko uwa ko gwaggo a raye, ya ɗauki waya ko biro a ƙarshen makon nan ya zauna kusa da ita, girki ɗaya ma ya isa farawa. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.